Saƙon da Ya Kulle Hotunan Braimah

Braimah mai hoto ne a unguwar Maamobi, kuma babu mai musun ya iya aikinsa. Shekara goma sha biyar ke nan, da wuya a yi suna ko biki daga Nima har Kotobabi ba a gan shi da kyamara a wuya ba. Sai dai ba ya jin shawara, musamman idan daga na ƙasa da shi ta fito. Yabo kuma yana saurin shiga kansa.

Duk hotunan da ya taɓa ɗauka suna cikin kwamfuta guda a shagonsa. Ƙanwarsa Suweiba, wadda ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti a Alajo, ta sha gaya masa ya kwafe su a wani faifan ajiya daban, kuma ya daina buɗe duk fayil ɗin da aka liƙo a imel alhali bai san mai aikowa ba. Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ce ai shi ya fara nuna mata yadda ake kunna kwamfuta.

Wata Laraba da hantsi wani imel ya shigo masa. Wai wata ƙungiya ce a Turai ta ga aikinsa, ta zaɓe shi ya je baje-kolin hotuna. An ce ya buɗe takardar da ke liƙe ya cika kafin gobe. Sau uku ya karanta, sannan ya kira Suweiba don ya yi mata albishir. Ta sa ya karanta mata saƙon daga farko har ƙarshe.

"Yaya, ko sunanka ba su ambata ba, balle su ce ga hoton da suka gani," in ji ta. "Ka bari in tashi daga aiki in duba."

Ya ce mata ita kullum ba ta hango masa alheri, ya kashe wayar. Da ya danna fayil ɗin, manhajar kariya ta kwamfutar ta yi gargaɗi cewa akwai haɗari. Ya kashe manhajar, ya sake dannawa. Wani farin shafi ya buɗe, babu komai a kansa. Ya ɗauka matsalar intanet ce, ya tafi sallar azahar.

Ko da ya dawo, babu hoto ɗaya da ke buɗuwa. Wani jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar, yana cewa an kulle komai, sai ya biya kuɗi. Ya kira Suweiba, ta shigo motar haya ta zo, ta fara cire kwamfutar daga intanet. Ta ce ko ya biya babu tabbacin za su buɗe masa. Ta kuma gano cewa cutar da ta shiga kwamfutar ta tura irin wannan saƙo da sunansa ga duk mutanen da yake hulɗa da su. Har magariba Braimah yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana roƙon kada su buɗe. Biyu sun riga sun buɗe, saboda sun ga sunansa.

Bayan kwana uku wata mata mai suna Damata ta zo shagon da 'yarta a goye. Mijinta Zulkarnaini direba ne mai kawo albasa kasuwar Agbogbloshie daga arewa, kuma ya rasu a haɗarin mota wata guda da ya wuce. Mutum ne da ba ya son hoto. Sau ɗaya kawai ya yarda aka ɗauke shi, ranar sunan yarinyar, yana riƙe da ita. Wanda aka wanke musu ruwan sama ya shiga ɗaki ya lalata shi. Tana so a sake wanke mata, don yarinyar ta tashi da sanin fuskar ubanta.

Braimah ya so ya ce kwamfutar ce ta lalace, amma ya kasa. Ya gaya mata abin da ya yi da hannunsa. Sai ta tambaye shi:

"To Malam Braimah, kai da ka ɗauka, ka tuna yadda ya tsaya? Yana murmushi?"

Ya yi ta ƙoƙarin tunawa. Farar hula kawai ya iya tunowa. Damata ta gyara goyonta, ta yi masa sallama, ta fita.

Mako biyu Braimah ya yi yana bin gidajen waɗanda suka halarci sunan, yana duba wayoyinsu. Hoto ɗaya ya samu, shi ma kafaɗar Zulkarnaini kawai ta fito a gefe. Suweiba ta goge kwamfutar tas, ta sake ɗora mata komai. Yanzu duk Juma'a yana kwafe aikinsa a faifai daban, amma hotunan shekara goma sha biyar ba su dawo ba.

Darasin da ke nan shi ne, masu tura irin wannan cuta sun san mutum na son yabo, shi ya sa suke haɗa shi da gaggawa. Kada ka buɗe abin da aka liƙo a saƙo sai ka tabbatar da mai aikowa, kada ka kashe kariyar kwamfutarka don ta hana ka abin da ranka ke so, kuma ka ajiye kwafin aikinka a wuri na biyu. Idan wanda ya fi ka sani ya ce ka dakata, ka dakata ko da ƙaninka ne, domin sau da yawa abin da ke cikin kwamfutarka amanar wasu ce.