Lissafin Ambaliya da Kan Giwan Ruwa

Ku gyara zama. Ni aka zalunta a wannan labari, ni ne kuma zan ba ku shi ba son kai, don ku san irin haƙurina.

Ƙungiyar manoman shinkafa ta garinmu tana da tsohuwar kwamfuta mai lissafa yadda ruwan madatsa zai malalo fadama. Manhajar cikinta kamar rigar kasuwa ce, an yi ta don ta shiga kowane inji, shi ya sa take jan ƙafa. Bana aka ce za a saki ruwa, shinkafa ba ta gama nuna ba. A yanke da wuri a yi asara, a jinkirta ruwa ya cinye. Abokai uku ke kula da kwamfutar.

Haladu ya sake harhaɗa manhajar gaba ɗaya daga tushe, daidai da ƙwaƙwalwar injin, kamar yadda tela ke auna mutum. Makonni yana fama har ya laƙanci kowane saiti. Ta kuwa yi gudu. Sai wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar. Suka rugo aron tawa, wadda ba kamarta a unguwa, na miƙa da hannun nan mai albarka. Manhajar Haladu ta ƙi tashi, don ba jikin tawa aka auna ba.

Zulai dama tun farko ta ce, "Yi ɗinkinka, Haladu, ni dai ba na yar da tsohuwar." Ya ce mata sarauniyar matsorata. Ta zaro filashin da ta ajiye tsohuwar manhajar a ciki ta saka a kwamfutata, ta tashi tiryan-tiryan. Sai dai da irin tafiyarta, ruwa zai riga amsa isowa.

Mudi bai harhaɗa ba, bai ajiye ba. Zama ya yi yana auna inda lokaci ke zurarewa, ya gano ɓangare ɗaya tak, mai lissafin gudun ruwa, ke cinye shi. Ya ce wa Haladu, "Gwani, bar sauran. Wannan kaɗai za ka yi wa ɗinki." Da ƙwarewar da Haladu ya samo a wahalarsa, kafin la'asar ya gama.

Amsa ta fito. Aka yanke shinkafar gangare, aka bar ta tudu ta nuna. Ruwa ya zo ya tarar da kara.

Sarkin ruwa ya aiko da giwan ruwa guda tukuici, kuma a al'adarmu kan kifi na wanda ya fi kowa aiki ne. Ni mai kwamfuta, jela aka miƙo mini. Jela fa, jama'a! Na cinye ne kawai don kada a ce na yi fushi.

Kai na nan cikin tukunya yana hucewa. Ba don Haladu ba, babu mai iya ɗinkin; ba don Zulai ba, babu abin da za a ɗinka; ba don Mudi ba, da har yanzu ana harhaɗawa. To, kwanon wa za a sa shi?