Kurege Ya Kai Irin Gyaɗa Yawon Tsibiri

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku ji ta da kunne. Masu ɓarar gyaɗa ku ci gaba da ɓara, ban ce kowa ya ajiye aikinsa ba.

Kurege ne da matarsa Tabawa. Tabawa mace ce mai tattali, Kurege kuwa namiji ne mai baki. Ita ke noman, shi ke ba da labarin noman. Da kaka ta yi, Tabawa ta zaɓi gyaɗa manya-manya ta ɓare, ta zuba a burgamin fata, ta ɗaure bakinsa tam, ta rataye can saman ɗaki. Ta ce wannan iri ne, shi za a shuka in ruwa ya sauka, babu wani bayansa. Ta faɗa wa 'ya'yanta sau ɗaya. Mijinta kuwa kullum sai ta faɗa masa.

Akwai Shamuwa mai sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gidansu. Saboda yawan tafiyarta Kurege ke ce mata Hajiya. Ana gab da damina sai ga ta ta zo duba sheƙarta, ta ce za ta koma ta kwaso iyalinta daga inda suka ci rani. Kurege ya tambaye ta ina ne. Ta ce wani tsibiri ne a tsakiyar teku, rairayinsa fari, itatuwansa ba sa kaɗe ganye, shinkafa har kan dutse, baƙi na zuwa daga ko'ina don kallo kawai. Kada wanda ya tambaye ni sunan wurin, ni ma ba a faɗa mini ba.

Kurege ya shiga gida ya ce shi fa zai je ganin duniya. Tabawa ta ce in abin gani yake nema, ga dangar bayan gida nan ta faɗi tun bara, ya je ya gan ta.

Kurege ya ɗaga kai ya dubi burgami. A ransa ya ce mutanen tsibiri ba su san gyaɗa ba, ƙwaya ɗaya za su ba shi shinkafa cikin tafi, ya dawo da kaya niƙi-niƙi, Tabawa ta rasa bakin magana. Da safe tana fita rijiya ya hau ya sauko da burgami, ya rataya, ya ɗare bayan Shamuwa.

Suka yi ta tafiya, suka yi ta tafiya, ƙasa ta ƙare, ruwa ya fara. Kurege ya rufe ido bai buɗe ba sai da ya ji ƙafarsa a kan rairayi.

Shamuwa ta ce, “Malam Kurege, ka ga wancan dogon icen kwakwa? Ranar da iska ta juya ta fuskanci gida, daga kansa zan tashi. Ba na kiran kowa, ba na jiran kowa.”

Ya ce ai shi ba yaro ba ne.

Ya kama yawo a bakin teku yana taƙama. Rairayin fari fat kamar garin da aka tankaɗe, taushi kamar auduga. Ya ga ruwa ya taho da gudu har gabansa ya kwanta, ya ja da baya. Ya ce lallai mutanen nan da ladabi suke, har ruwansu gaida baƙo yake. Ya matsa ya amsa gaisuwa. Ruwa ya sake tahowa, wannan karon ya rufe shi har wuya. Allah ya taimake shi ya ɗaga burgami sama bai jiƙe ba.

Can gaba ya tarar da baƙi daga wasu ƙasashe, manya da hankalinsu, sun shanya kansu a rana kamar yankakkiyar kuɓewa, ga inuwa nan kyauta ba mai shiga. Ya ce tunda haka matafiya ke yi, shi ma matafiyi ne. Ya kwanta. Ba a jima ba bayansa ya fara soyuwa, ya ja jelarsa ya rufe kai, ya rarrafa inuwa.

Sai yunwa ta ce ga ta. Ya sami kwakwa ta faɗo, ya gwaguya, ya gwaguya, haƙori ya yi tsami, kwakwa ko gezau. Ya dubi burgami, burgami ya dube shi. Ya ce ƙwaya ɗaya ba za ta hana damina albarka ba. Ya kwance, ya jefa ɗaya a baki.

Ashe Tabawa ta cuɗe irin da toka da garin barkono. Tokar saboda ƙwari ne. Barkonon saboda miji.

Bakinsa ya kama da wuta. Ya ruga teku ya kafa kai ya sha, ya ji gishiri zalla kamar an yi ɓarin kasuwa a ciki. Ya dawo ya zauna a kan rairayi, ido na ruwa, hanci na ruwa, ya ce, “Tabawa, har nan kika biyo ni.”

Kashegari ya bar bakin ruwa ya hau cikin ƙauyuka. Nan fa ya ga abin gani na gaske. Mutanen sun yanka dutse hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa gonar shinkafa ce, kore shar. Ruwa na gangarowa daga ta sama zuwa ta ƙasa ta 'yan magudanai, mai wannan gona ya sha ya buɗe wa na ƙasa da shi, babu faɗa babu kai ƙara. In akwai abin da ya isa a tsallaka teku dominsa, wannan ne. Amma Kurege, da bai taɓa tada kunya ɗaya a gonarsu ba, ya tsaya a kan gaɓa ya ce sannunku da aiki, ya shiga koya musu yadda ake noma a ƙasarsu. Suka yi murmushi, suka ci gaba da dashensu.

Ya fito da hajarsa. Wata tsohuwa ta karɓi ƙwaya ɗaya ta sunsuna, ta yi atishawa har malfarta ta faɗi cikin ruwa. Ta miƙa masa abinsa da hannu biyu, ta yi godiya. Ciniki ya ƙare.

Da rana ta take suka zauna cin abinci. Kurege ya zauna kusa, ya yi gyaran murya, ya sake yi, yana jiran a ce masa bismilla. Su kuwa sun ga mutum rungume da burgami cike da abinci, sun ɗauka a ƙoshe yake, ba su so su ba shi kunya. Haka ya yi ta yawo kwana da kwanaki, ido ya ƙoshi, ciki na kuka, sai 'yan tsince-tsince.

Wata safiya ya kai ƙololuwar dutsen, inda ɗakin bautarsu yake. Ƙofar dutse ce an sassaƙa ta da furanni da fuskoki, rufin kuwa hawa-hawa kamar an jera faifai kan faifai, ko'ina ƙanshin turare. Ya ga mata sun zo da kwanduna a ka, cikin tsabta, suna ajiye 'yan ganyaye a bakin ƙofa da kan matakala, kowane ganye da shinkafa da yankan ayaba da fure. Suka durƙusa suka yi abin da suka gada, suka tafi.

Kurege ya duba dama, ya duba hagu, babu wani baƙo sai shi. To a ƙasarsu, in aka kawo abinci ƙofar gida aka ajiye inda baƙo ke tsaye, aka juya aka ba shi wuri, na baƙo ne, ƙin ci kuwa raini ne. Ya ce alhamdu lillahi, yau ya zo gidan mutanen kirki. Ya wanke hannu, ya sauke burgami ya ajiye gefe don ya ci da hannu biyu. Ya bi ganyayen nan ɗaya bayan ɗaya ya share, har furannin bai bari ba, kada masu gida su ce ya raina. Ya ɗaga murya ya yi godiya, ya sa wa girki albarka.

Ya juya, babu burgami.

Ya ɗaga kai, ga birai jere a kan rufi, a tsakiyarsu Babban Biri mai farin gemu, burgami a cinyarsa. Abincin ba na baƙo ba ne. Na ibadar mutanen ne, in turare ya mutu sai ya zama rabon birai, haka ake tun kakanninsu.

Babban Biri ya ce, “Baƙo, ka ci namu. Za mu ci naka.”

Kurege ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya ce rashin sani ne, a garinsu haka ake. Ya ce abin da ke ciki ba abinci ba ne, iri ne, shi kaɗai matarsa ke da shi. Babban Biri ya ce shi bai taɓa ganin matarsa ba, amma ya ga bakinsa yana aiki.

Ana cikin haka Kurege ya ji gashin jelarsa ya kwanta ta ɗaya gefen. Iska ta juya ta fuskanci gida. Sai ya ga Tabawa a ransa, tsaye cikin jiƙaƙƙiyar gona hannu wofi, 'ya'ya a bayanta, maƙwabta kowa na shuka. Tun da aka haife shi bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ya share hawaye, ya gyara zama, ya ce, “Shi ke nan, ranka ya daɗe, na bar muku. Amma babba ke fara ɗanɗanawa.”

Babban Biri ya cika hannu ya watsa a baki. Ya tauna. Gemunsa ya fara rawa. Ya yi tsalle daga wannan rufi zuwa wancan, ya sauko ya tsoma kai a randar wanke ƙafa. Da ya ɗago ya ce a kamo baƙon nan, guba ya kawo.

Kurege ya ce ba guba ba ce, gaggawa aka yi. Ya ce abin nan ba a cinsa haka, sai an binne shi a ƙasa an rufe, a juya baya a tafi a kwanta, ƙasa ta tsotse wutar ta bar zaƙin. In aka tsaya ana leƙe, wutar ba ta fita. Babban Biri ya ce sai Kurege ya rantse.

“Wallahi matata haka take yi duk shekara. Ta binne, in ta tono ya fi daɗi, ya kuma fi yawa.”

Kun ga bai yi ƙarya ba. Watannin da ke tsakani ne kawai bai ambata ba.

Shi a lissafinsa rami ɗaya za su haƙa su juye, ya tone ya gudu. Ya manta biri ba ya yarda da biri. Da suka ji ana cewa ya fi yawa, sai wawaso. Kowa ya damƙi nasa ya ruga ya ɓoye inda ɗan'uwansa ba zai gani ba, wannan gindin ice, wannan bayan katanga, wancan can gaɓar gonar shinkafa, ƙwaya nan, ƙwaya can. Suka jefar da burgami, suka hau rufi, suka juya baya suka kwanta.

Kurege ya ɗauki burgami ya sa hanci a ƙasa. Barkonon Tabawa shi ya nuna masa hanya. Ya sunsuna, ya toshe atishawa da jela, ya tona, ya jefa a burgami. Ya sunsuna, ya tona, ya jefa. Rana na dukansa, ƙasar wurin duk tsakuwa, farce ya karye, yatsu suka fashe. Wanda bai taɓa sunkuyawa a gonarsa ba, ga shi yana rarrafe a gonar mutane. Ko ɗaya bai kai baki ba, kuma wannan karon ba don barkono ba.

Ya ɗaga kai ya hango shamuwoyi sun fara kewaya icen kwakwa. Hancinsa na gaya masa da saura a ƙasa. Ya tsaya kamar zai yi kuka, sannan ya ɗaure bakin burgami ya gangara da gudu. A kan rairayi ya sunkuya ya suri wani ɓawon dodon-koɗi na teku, kada ya koma gida babu tsaraba. Shamuwa ta riga ta buɗe fiffike. Ya yi tsalle ya kama ƙafarta, haka ya yi tafiyar a rataye.

Sun iso ruwan farko ya sauka. Tabawa na gona da sungumi, ta sassare ramuka layi-layi, ba ta da abin zubawa, amma ta ƙi zama a gida ana kallonta. Kurege ya zo ya ajiye burgami a gabanta, ya ja da baya inda sungumi ba zai kai ba.

Ta ɗaga burgami ta jijjiga. Ta ce, “Ya ragu.”

Ya ce, “Ya ragu.”

Ta dubi hannuwansa, ta daɗe tana duba. Sannan ta miƙa masa burgamin ta ce tunda hannun ya san ƙasa yanzu, ga ramuka nan, ya zuba ya rufe. Tana gaba tana sara, yana baya yana zubawa yana take da diddige, yana ba ta labarin ruwa mai gaisuwa da masu shanya kansu a rana. Ita dai tana ta sara. Sai da ya zo kan gonakin matakala da yadda ake raba ruwa ta tsaya, ta ce ya maimaita wannan.

Iri ya ƙare saura ɗan gefen gona ba a shuka ba. Ba ta taɓa yi masa gori a kai ba, shi ne ya kasa mantawa. Ɓawon nan kuwa ta ce ba shi da amfani, ta jefa shi a tukunyar gishiri tana ɗiba da shi. Amma 'ya'yanta sun ce in ba kowa a ɗaki takan kara shi a kunne.

Shi ya sa har yau in kun yi shuka, kun juya baya, za ku ga Kurege ya bi layi yana sunsunawa yana tonowa. Cikon burgamin Tabawa yake nema. Ku ji tausayinsa, amma ku kore shi, gonarku ba tsibiri ba ce.

Ƙurunƙus, kan Kurege har jelarsa. Mai zuwa ganin duniya ya ci ya ƙoshi tun daga gida, in ya ga abinci a ƙofar mutane ya tambaya kafin ya wanke hannu. Mai miji irin Kurege kuwa, kada barkono ya yanke mata. Ku miƙo gyaɗar nan in gani, na ji bakin wani yana motsi tun ɗazu.