Jarkar Sharhabilu

Shehu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne a fiƙihu da tafsiri, ga tsantseni da zuhudu, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga wa wani mahaluki murya ba. Daga cikin karamominsa akwai abin da ya faru da Sharhabilu tela, a wani ƙauye gabas da Dutse.

A shekarar da mulkin soja ya kau aka tuɓe dagacin da ya daɗe yana danne garin, yana zuga masu ƙabalu da masu sadalu a kan juna. Da ya tafi sai gaba ta fito fili, har a rikicin limancin Juma'a aka sare wa Hussaini, ƙanen Sharhabilu, hannun dama.

Bayan kwana uku, da hantsi, Sharhabilu ya cika jarka da fetur ya nufi masallacin ɗaya ɓangaren zai cinna masa wuta. Sai ya tarar da Shehu zaune a kan buzu a bakin ƙofa, alhali ba nan yake salla ba. Sharhabilu ya tsaya cak, domin wannan bawan Allah ne ya raɗa masa suna.

Shehu ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, butata ta ƙafe. Zuba mini in yi alwala."

Sharhabilu ya durƙusa yana rantsuwa fetur ne, da hannunsa ya auno. Shehu dai ya tara tafukansa. Da ya karkata jarkar sai ga ruwa garau mai sanyi, babu ko warin mai. Shehu ya kammala alwala a natse, sannan ya ce, "Ragowar kai wa Hussaini ya sha, ka kuma kira mini dattawan ɓangarorin biyu."

Sharhabilu yana hawaye ya bi su gida-gida. A zaman ranar aka zaɓi mutum goma, biyar daga kowane ɓangare, su riƙe kasuwa da rijiya, limamai biyu su riƙa karɓa-karɓar Juma'a, gari kuma ya noma wa Hussaini gonarsa. Da suka roƙi Shehu ya shugabance su sai ya ƙi, ya ce garin nasu ne. Abu ɗaya ya nema, a damƙa wa Sharhabilu makullin masallacin nan, kuma har yau shi yake buɗe shi ya share.

Tsarki ya tabbata ga Mai girmama bayinSa salihai. Allah Ya jiƙan Shehu, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba mu albarkacinsa, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Amin.