Tunkiyar da Ta Mutu da Ciki Cike

'Yan'uwana cikin Ubangiji, ina gaishe ku. Kwanakin nan akwai abin da ya tsaya mini a rai, ko tuwo nake tuƙawa yana nan, ko rijiya na tafi yana bina. Mama Fasto ce ta tare ni bayan sujada ta ce, "Maman Keziya, Lahadi mai zuwa ke za ki kawo mana misali a ajin manya. Kada ki ce mini ba ki yi karatu mai zurfi ba, bakinki ya isa." Na ce to. Na zauna na rubuta da ɗan abin da na iya, amma da na sake karantawa sai gabana ya faɗi, domin mutumin da ke cikin misalin, duk wanda ya taɓa shiga gidanmu zai gane shi. Mai gidana ne, Baban Keziya, dattijo ne kuma a ikkilisiya. In na karanta, na kunyata shi a gaban jama'a. In kuma na yi shiru, ina tsoron abin da ya faru a gidanmu zai sake faruwa. Bari dai in ba ku misalin yadda na rubuta shi.

Akwai wani mutum, mai gida ne, mai tsoron Allah, wanda ba ya son ɓarna. Wata rana ya ji ana faɗa cewa leda da gorar roba ba sa ruɓewa a ƙasa, suna toshe hanyar ruwa, in an ƙona su kuma hayaƙin yana taɓa ƙirji. Aka ce akwai masu tattara su, su kai inda ake narkarwa a yi bokiti da takalma. Maganar ta shige shi ƙwarai. Ya komo gida ya nemi babban buhu, ya jingine shi a bayan ɗakin girki, kusa da turken tunkiyar matarsa. Tunkiyar nan kuwa jikar wadda uwar matar ta ba ta ce, ranar da aka kawo ta gidan miji.

Tun daga ranar da ya jingine buhun, ba ledar da take kwana a ƙasa a gidan nan. Ta gishiri, ta ƙuli-ƙuli, ta manja, ta ruwan sha, duk sai ya ɗauka ya kakkaɓe, ya naɗe ta siririya, ya yi mata ƙulli a tsakiya don kada iska ta kwashe ta, sa'an nan ya jefa a buhu. Duk sa'ad da ya jefa, sai ya ji zuciyarsa ta yi sanyi kamar wanda ya ba da baiko. Gora ma haka, in lafiyayya ce da murfinta yakan ajiye. In ta lotse ko ta fashe sai ya wurga ta kwata, ya ce ai wannan ta riga ta zama shara.

A dā matarsa da kwando take zuwa kasuwa, da kwalbar manta, alale kuma a ganye take ƙullawa. Yanzu in ta ɗauki kwandon sai ya ce mata, "Ajiye wannan wahala, ki karɓi leda. Mu ai ba zubarwa muke yi ba." Ledar da take shigowa gidan ta fi ta dā yawa, mutumin kuwa bai lura ba, gama idonsa yana kan wadda take shiga buhu.

In ya ga maƙwabcinsa yana hura gawayi da leda sai ya leƙa ta kan katanga ya ce, "Maƙwabci, wannan hayaƙi fa ba kai kaɗai kake shaƙa ba. Shigo ka ga yadda nake yi da tawa." Baƙo ma in ya zo gaisuwa, kafin ya tafi sai an zagaya da shi bayan ɗakin girki an nuna masa buhu.

Ana nan sai mai kwasa ya zo da baronsa ya tsaya a ƙofa. Matar ta ce, "Mai gida, ga mai kwasar roba ya zo."

Ya ce, "Ce masa bai cika ba tukuna."

Da buhu ya cika, mai kwasa ya sāke zuwa. Mutumin ya fito ya dubi buhun, ya daddanna shi da hannu, ya ce, "Bari in ƙara tarawa a kwashe gaba ɗaya. Don me za mu wahalar da bawan Allah sau biyu?" Haka aka yi ta yi har mai kwasa ya gaji, in ya zo layin sai ya wuce ƙofar ba sallama. Rana ta doki buhun, ruwa ya doke shi, har gindinsa ya ruɓe ya buɗe ta wajen bango, inda ido ba ya kaiwa.

A kwanakin nan tunkiya ta haihu, tana shayar da ɗanta. Sai ta soma barin dusa a kwano, harawa ma sai ta shinshina ta kau da kai. Haƙarƙarinta ya fito, cikinta kuwa ya yi tulu. Matar ta ce, "Tunkiyar nan ta daina tuƙa, dubi ƙashin bayanta."

Ya ce, "Ke dai ba ki rabo da damuwa. Dubi cikinta, wannan ta yi miki kama da mai yunwa? Shayarwa ce ta zuƙe ta."

Wata safiya tunkiya ta kāsa tashi. Aka kira mahauci ya yanka ta tun da sauran numfashi. Da ya farke tumbin, ba ciyawa a ciki, sai wani dunƙule baƙi mai tauri, ya kai girman kabewa. Leda ce ta cure wuri ɗaya. Mutumin ya ɗaga murya don a ji a ƙetaren katanga, ya ce, "Kun gani? Ga abin da nake faɗa kullum. Ledar maƙwabta ce iska take kawo mana."

Matar ta tsuguna, ta sa tsinke tana tone dunƙulen, ledojin suna warewa ɗaya bayan ɗaya. Kowace a naɗe take siririya, da ƙulli a tsakiyarta. Mahauci ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa. Mutumin ya daɗe a tsaye yana kallo, sa'an nan ya shige ɗaki.

Kashegari ya tafi kasuwa ya sayo sabon buhu mai ƙarfi, ya juye ledojin tsohon buhun a ciki, ya ɗora shi a kan bulo, a daidai inda tsohon yake.

Ma'anar wannan misali ita ce, buhun nan kyakkyawar niyya ce wadda ba ta taɓa fita ƙofar gida ba. Mutumin bai yi kuskure da ya tara leda ba, abu ne mai kyau, ku ma ku tara. Amma tarawa rabin aiki ne, shi kuwa tun a rabin ya karɓi daɗin zuciyar da ake samu a ƙarshe, don haka bai ga dalilin ƙarasawa ba. Da ya ba mai kwasa, da bayan ɗakin girki ya zama fili, ba abin da zai nuna wa baƙo, ba abin da zai nuna wa kansa. Tulin ya zame masa shaida cewa shi mutumin kirki ne, mutum kuwa ba ya son rabuwa da irin wannan shaida.

Ku duba kuma yadda buhun ya ba shi izinin ƙara kwaso leda. Mu ma haka muke. Mace takan ce, zan je in gai da gwauruwar nan da take kwance, zan je in nemi gafarar ƙanwata. Da faɗar haka sai ta ji sauƙi kamar ta riga ta je, har ta sami bakin zargin wadda ba ta ce za ta je ba. Ubangiji yakan turo mana zarafi har ƙofa, kamar mai kwasar nan, mu ce ya dawo in mun shirya. Ba kullum zai yi ta tsayawa ba. Tunkiya kuwa ita ce duk wanda yake kusa da mu, wanda ba shi da bakin magana, shi yake haɗiye abin da muka ajiye ba mu ƙarasa ba. Daga waje sai a ga kamar a ƙoshe yake, alhali yunwa ce take kashe shi.

Nan misalin ya ƙare, amma a gidanmu bai ƙare ba. Ɗan tunkiyar ya rayu da kunu da nake ba shi, yanzu ya soma tsinkar ciyawa. Jiya na same shi ya miƙe ƙafafun gaba a kan bulon yana lasar gefen sabon buhun. Na kore shi, na je na sami Baban Keziya na ce, "Don Allah ka bar ni in kai buhun nan wurin masu tattara roba a bayan kasuwa da kaina, ba nauyi ne da shi ba."

Ya ce, "Wato ni na gaza ke nan, Maman Keziya? Ki bar mini kayana, na san ranar da zan kai."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Idonsa ja ne, tun ranar yankan ba ya cin abinci sosai, naman ma bai taɓa ba. Ba mugun mutum ba ne, ni na san shi. Ina jin in ya fitar da buhun nan yanzu, gani yake kamar ya yarda a gaban kowa cewa shi ya kashe mini tunkiyar da ta rage mini daga hannun uwata.

To, ku da kuka fi ni sani, ku gaya mini. In tashi ranar Lahadi in karanta wannan yana zaune, ko ya ji a bakin taro abin da ya ƙi ji a ɗaki? Ko in jira ya fita, in ɗauki buhun in kai, in ya dawo in sha duk abin da zai biyo baya? Na yi addu'a, ban ji amsa ba tukuna, ɗan ragon kuma kullum ƙara tsawo yake yi. Yaya zan yi?