Rawanin Ƙarya a Kan Malam Inuwa

Akwai wani dattijo a Nasarawan Doya ta ƙasar Maƙarfi, sunansa Malam Inuwa. Manomin rake ne. Tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari fat, bai san wani wurin aiki ba sai fadama. Da asuba yakan riga ladan zuwa masallaci, ya share, ya shimfiɗa tabarmi. In ya dawo daga gona jikoki su yanyame shi, ya zauna yana fere musu rake har sai kowa ya samu.

Da wannan raken ya yi wa babban ɗansa Abdulrahman karatu, har ya samu aiki a wani kamfani a Abuja.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da tsohon. Matarsa Inna Adama da ƙaramin ɗansa Yahya su ke juya shi, su wanke shi, su ba shi kunu a baki. Abdulrahman bai leƙo ba. A ofis kuwa yakan karɓi hutu da sunan jinyar mahaifi, ya wuce shaƙatawarsa.

Duk sanda Malam ya ji ƙarar mota sai ya ce, "Yahya, duba ko yayanka ne."

Har ya cika bai gan shi ba. Jana'iza ma ba da shi aka yi ba.

Ranar addu'ar bakwai sai ga Abdulrahman da jerin motoci, da rumfuna, da mai ɗaukar bidiyo. Aka kafa wani ƙaton hoto a ƙofar gida. Hoton Malam ne da aka ɗauka a gona, amma an goge fartanyar da kwamfuta, an naɗa masa rawani, an yafa masa alkyabba, an haska fatar. A ƙasa an rubuta: Alhaji Inuwa Attajiri.

Yahya ya ce, "Yaya, wannan ai ba Baba ba ne. Kuma Baba bai je Makka ba."

"Rufe min baki. Manyan mutane za su zo. So kake su ga ubana cikin yagaggiyar riga?"

Abdulrahman ya shiga ɗakin marigayin, ya toshe hanci, ya sa aka fesa turare. Sannan ya zauna a bakin gado ya ce wa mai bidiyo, "Kar ka kunna tukuna, bari hawayen su zo." Inna Adama tana zaune a tabarmar takaba tana jin komai. Ta kau da kai.

Ana cikin haka shugabansa na ofis, Alhaji Ukasha, ya iso ta'aziyya. Bayan shi kaɗan sai ga Bobbo, wani tsohon Bafulatani aminin Malam, ya taho tun daga Furana. Ya tsaya gaban hoton ya daɗe yana kallo.

"Jama'a, ku yi haƙuri," in ji shi, "ko na ɓata gida ne? Ta'aziyyar Inuwa na zo."

Aka ce masa nan ne.

"To wannan sarkin wane gari ne? Inuwan da na sani tafin hannunsa duk kanta. Shekarar da shanuna suka shiga gonarsa, na zo ba shi haƙuri, ya ce in fara cin tuwo tukuna. Mene ne abin kunya a fuskarsa da aka ɓoye ta?"

Alhaji Ukasha ya ce, "Allah ya jiƙansa. Abdulrahman, kai mu makwancinsa mu yi masa addu'a."

Abdulrahman ya matsa kusa da Yahya, ya raɗa masa, "Ta wane ɓangare yake?"

Daga bayan ƙofar zaure muryar Inna Adama ta fito, ba ihu ba kuka. "Bai sani ba, Alhaji. Rabon yaron nan da gidan nan tun mahaifinsa na tafiya da ƙafafunsa."

Alhaji Ukasha ya juyo. "To hutun jinyar da nake ba ka fa, ina kake zuwa?"

Alhaji ya kama hannun Yahya, Bobbo da dattawan gari suka bi su maƙabarta. Aka bar Abdulrahman tsaye cikin kujerun da babu kowa, shinkafar da ya zo da ita tana hucewa a kuloli.

Bai rufa wata ba aka sauke shi daga muƙaminsa, don Alhaji ya ce ba zai ƙara amincewa da maganarsa ba. Da ya dawo neman gafara, Inna Adama ta ce, "Ni na yafe. Wanda ya yi ta tambayarka kuma, ba ni da ikon yafewa a madadinsa."

Darasi: Iyayenka fuskarka suke son gani tun suna numfashi, ba rumfa da bidiyo bayan an rufe su ba. Wanda ya ji kunyar gumin da ya raine shi, kansa ya tozarta. In naka suna raye, tashi ka je yau. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya farga tun da sauran lokaci.