Saƙon Talata da Ya Ƙi Tsayawa

An yi wani mutum, haifaffen Bakura, mazaunin Talata Mafara. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna nan da ransu, wataƙila ma wani a cikinku ya taɓa haɗa sahu da su.

Sana'arsa talla ce, amma ba ta ɗora faranti a ka ba. Ɗan kamfani gare shi, ɗaki guda a bakin titi, da tebur da kwamfuta da fanka mai ƙara. Mai takin zamani ya zo, mai injin ban ruwa ya zo, mai casar shinkafa ya zo. Shi kuma ya tsara musu saƙo, ya tura wa jama'a ta imel da ta waya. Sana'a ce ta halal, ya 'yan uwa, babu malamin da ya hana ta.

Da farko ya riƙe ta da tsabta. Ranar kasuwa yakan bi rumfuna da ƙafarsa, ya gaisa da mutum, ya tambaye shi ko yana son a riƙa aiko masa da labarin kaya. Wanda ya yarda ya ba shi lamba, wanda ya ƙi su rabu lafiya. A ƙasan kowane saƙo kuma akwai wurin da mutum zai taɓa idan ya gaji, a daina aiko masa.

To, na'urar da yake aiki da ita tana da wani hali: tana nuna masa wanda ya buɗe saƙo da wanda bai buɗe ba. Sai ya wuni yana kallonta, ransa na ɓaci. Ya rubuta talla mai kyau, mutane su share ba su karanta ba. Masu kaya suka fara yi masa ƙorafi.

Ana nan sai wani dattijo mai sayar da iri ya rasu, iyalansa suka roƙe shi ya sanar da jama'a. Ya rubuta a kan saƙon, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” ya tura. Kafin ya gama shan furarsa, kusan kowa ya buɗe. Wane Musulmi ne zai ga wannan kalma ya wuce? Kowa yana da tsoho a gida, kowa yana da matafiyi a hanya.

Ya daɗe yana kallon kwamfutar nan. A wannan zaman ne Shaiɗan ya jawo kujera ya zauna kusa da shi.

Talatar da ta biyo baya, da hantsi, wayoyin mutane suka yi ƙara daga Mafara har Jangebe da Garbadu. “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sanarwa daga...” sai sunansa. Mutane suka buɗe da sauri. Abin da ke ciki shi ne: mutuwa tana kan kowa, kafin ta zo ka gyara gonarka, taki ya iso shagon wane.

Wasu suka zage shi, wasu suka yi tsaki. Amma an buɗe, kuma takin ya ƙare. Da matarsa Na'ima ta ce masa abin bai yi mata daɗi ba, sai ya yi dariya ya ce ai tunatarwa yake yi, wa'azi ne kyauta. Ku ji fa! Mai sayar da taki da kalmar makoki ya zama malami.

Daga nan ya daina bin rumfuna yana neman izini. Ya samu wani da ya taɓa yi wa manoma rajista, ya saye lambobinsu da adireshinsu gaba ɗaya, mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Ya cire wurin nan da ake taɓawa a fita. Da ya ga ana toshe lambarsa, sai ya saita na'urar ta riƙa sauya lambar da take aikawa da ita. Ka rufe ƙofa, ya shigo ta taga.

Wata ranar kasuwa wata tsohuwa ta shigo ofishinsa. Sunanta Taiba, daga Maradun take, tana sayar da shinkafa. Ta gaishe shi gaisuwa mai tsawo, sannan ta ciro waya daga bakin zanenta.

“Ɗana, kai na mai wanga saƙo na Talata?”

Ya ce shi ne.

Ta ce, “Ɗa guda gare ni, Zaharadeen. Direba na, kullum shina bisa hanyar Maradun, kai kau ka san hanyar nan. In wayag ga ta yi kuka na ga kalmar nan, ƙahwahuna ba su ɗaukata. Don Allah ka hidda ni.”

Bai ko ɗago kai sosai ba. “An gama, Gwaggo. Tahi abinki.”

Bai cire ta ba. Yawan mutanen da yake tura wa shi ne abin da yake yi wa masu kaya alfahari da shi, kuma a ganinsa idan ya cire ɗaya gobe goma za su zo. Talata ta zagayo, tsohuwa tana tsaye a kan awonta, waya ta yi ƙara, ta durƙushe a tsakiyar kasuwa har sai da aka karanta mata aka ce taki ne.

Ta dawo. Wannan karon ba ta zauna ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ni ban iya shari'a da kai. Amma ban yahe ba, sai ran da saƙon ga ya bar shigowa wayata.”

Ya bi ta da kallo har ta fita. Maganar ta ɗan taɓa shi, ya ce a ransa zai gyara bayan damina. Ya 'yan uwa, mutum nawa ne suka ajiye tubarsu sai bayan damina?

Maimakon ya gyara, sai ya ƙara faɗaɗa abin. Ya gano cewa ba sai ya zauna kowace Talata ba. Ya tsara saƙonni masu tarin yawa, ya jera su, ya biya kamfanin da ke riƙe da na'urar kuɗin shekaru a dunƙule don an yi masa rangwame. Ya saita ta: kowace Talata da hantsi ta tura da kanta, idan ta kai ƙarshe ta koma farko. Kalmar sirrin buɗe ta kuwa bai gaya wa kowa ba. Ko wayarsa bai yarda ta buɗe da yatsa ba, wai kada a danna masa yana barci. A cikin kansa kaɗai ya ajiye komai.

Wata safiya yana alwala, buta ta faɗi daga hannunsa. Ya so ya kira Na'ima, harshe ya ƙi. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi gida a kwance. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Amma yana ji, yana gani, hankalinsa yana nan.

Labarin ciwonsa ya kai Bakura. Ran Talata da hantsi saƙo ya fita kamar yadda ya saba, da kalmar makoki da sunansa a kai. Dangi ba su tsaya buɗewa ba, suka ce ai ta faru. Suka cika mota suka zo, mata suna kuka tun daga ƙofar gida, maza suka shimfiɗa tabarmi a waje. Yana kwance a ɗaki yana jin ana yi wa matarsa ta'aziyyarsa, yana jin ana tambayar wa zai yi masa wanka. Da suka shigo suka tarar da idanunsa biyu a buɗe suna zubar da hawaye, wata gwaggonsa ta ja da baya har ta bugi ƙofa.

A ranar ya san abin da ya daɗe yana yi wa mutane. Ya tuna Taiba. Ya tuna ƙafafun da ta ce ba sa ɗaukarta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ba tsoron ciwo ba, tsoron ya mutu abin nan yana tafiya.

Ya yi ta nuna kwamfuta da ido har ƙanensa Falalu ya gane. Aka ɗauko ta aka ɗora masa a ƙirji. “Yaya, danna muna, mu kashe abin ga,” in ji Falalu. Ya ɗaga hannun hagu. Kalmar tana nan, yana jin ta a kansa, amma da ya kai yatsa sai haruffan su watse. Ya danna, ba ita ba. Ya sake, ba ita ba. Ya yi ta yi har na'urar ta kulle kanta. Falalu ya rubuta wa kamfanin, suka amsa cewa sai mai abin da kansa ya yi magana. Mai abin kuwa ga shi kwance, ko sunansa ba ya iya faɗa.

Na'ima, wadda ta san labarin tsohuwar nan tun yana da lafiya, ta shiga mota ta tafi Maradun ta nemo Taiba, ta durƙusa mata. Tsohuwa ta yi kuka tare da ita, ta ce, “Ɗiyata, ni ban ƙi shi ba, Allah shi ba shi lahiya. Ran da ya daina, na yahe.” Da Na'ima ta dawo ta faɗa masa, sai ya juya fuskarsa bango.

Haka ya zauna. Sauran ranakun mako yana samun sauƙi, amma tun yammacin Litinin sai ya ƙi cin abinci. Wayarsa tana nan a gefen filo, shi ma saƙon yana shigo masa. Ya hana a ɗauke ta. Da hantsin Talata ya kafa mata ido, ta yi ƙara, fuskarta ta haska da kalmar makoki da sunansa. Ya san a daidai lokacin nan wata tsohuwa ta dafa bango a Maradun. Yana istigfari a zuci, laifin kuma yana fita sabo da sunansa. Yaya mutum zai tuba daga abin da bai daina ba?

Mutanen Bakura sun sake zuwa ta'aziyya sau ɗaya saboda saƙon wata Talata, suka koma da kunya. Daga nan suka ce ba su ƙara ba.

Allah ya karɓi ransa da asubar wata Talata. Falalu ya rubuta sanarwa ta gaskiya, ya tura wa dangi da abokai. Suka ga kalmar, suka ga sunan, suka ga ranar, suka ce tallar taki ce, suka share. Waɗanda ya kira ma wasu suka ce ya bari su bincika tukuna. Mutumin da saƙonsa ke shiga dubban wayoyi, maƙwabta ne kaɗai suka sallace shi, sahu bai cika ba.

Aka kai shi makwanci. An jera itace, an fara tura ƙasa, sai wayoyi suka yi ƙara a aljihun masu binnewa, ɗaya bayan ɗaya. Hantsi ya yi. Wani ya ciro tasa ya duba, ya mayar da ita aljihu da sauri. Kowa ya san daga wa saƙon ya fito.

Ya 'yan uwa, an karantar da mu cewa idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke, sai abin alherin da ya bari yana gudana. Shin kun taɓa tunanin akwai mai barin sharri yana gudana? Wanda ya haƙa rijiya ana rubuta masa lada yana kwance. Wannan fa, me ake rubuta masa kowace Talata?

Ku masu wannan sana'a, wayar mutum ɗakinsa ce. Kada ka shiga sai da sallama, kada ka zauna bayan an ce ka fita. Abin da ka rubuta a kan saƙo ya zama shi ne a cikinsa. Kada ka sayi lambar wanda bai ba ka ba, kuma wanda ya ce ka cire shi, ka cire shi a ranar, kada ka ce sai bayan damina. Tsoron da ka jefa a zuciyar Musulmi don ka sayar da buhu, haƙƙi ne, kuma haƙƙin bawa sai bawan ya yafe.

Ba ji na yi ba, ina cikin waɗanda suka tura ƙasar nan. Talatar da ta wuce ma saƙon ya shigo wayata. Taiba tana nan da ranta a Maradun, tana jiran ranar da zai daina don ta yafe.

Allah ya jiƙansa, ya kawo wanda zai iya kashe masa abin nan. Allah kada ya bar mu mu kunna abin da ba za mu iya kashewa ba. Allah ya kiyaye mu, ya sa mu tuba harshenmu yana motsi. Amin.