Birnin da Kowa Ya Ce Da Sauƙi

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa an yi wani sarki a birnin Kwargaba, sunansa Jatau. Ya yi umarni duk gidan da ke da yaro mai nakasa, ko mai ciwon da ba ya rabuwa da shi, a riƙa kai musu hatsi daga rumbun sarki, a ba su akuyar tatsa. Ya ɗora aikin a kan Waziri Barau.

Waziri ya bi gida-gida, sai ya tsaya a zaure ya ce, "Yaya mai jiki?" Ya komo ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, babu wanda ya cancanta. Kowa ya ce da sauƙi."

To akwai wata masaƙiya, Tasalla, mijinta ya rasu, 'yarta Dela na fama da amosanin jini damina shida. Jinya ta hana ta saƙa, hatsinta ya kusa ƙarewa. Ita ma da sauƙi ta ce, domin haka aka koya mata. Maƙwabcinta Madugu Ɗanbaba ya sa ta gaba har fada.

Madugu ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamaninka. Wata shekara a hanyar Gwanja abokin tafiyata ya faɗa tsohuwar rijiya, ya karye. Na leƙa na ce, 'Sannu, yaya jiki?' Daga can ƙasa ya ce, 'Da sauƙi!' Sai in kora jakunana in wuce ke nan?"

Waziri ya ce, "Wannan tatsuniyar fatake ce."

Tasalla ta dubi ƙafar Waziri, ta kumbura kamar turmi, an naɗe ta da tsumma. Ta durƙusa ta ce, "Baba Waziri, yaya ƙafar?"

Ya ce, "Da sauƙi."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Madalla, sai a sallami mai maganinka!" Waziri ya ce, "Tuba nake, ranka ya daɗe."

Daga ranar aka bar tambaya a zaure. Tsofaffin mata ke shiga su wuni a gida, su ga ko ciwon ya zarce shekara, su ga ko yaron na iya zama babu mai kula da shi. Tasalla aka naɗa shugabarsu, akuyar farko kuwa a ƙofar Dela aka ɗaure ta.

Ku ji da kyau, ku masu raba taimako: mai kunya ba ya faɗin wahalarsa. Ku cire takalmi ku shiga ku gani.